Injin motsa tsoka da muka sayo wa Baba, abin da na gani cikin wata uku

Tun da Baba ya samu shanyewar barin jiki bara da damina kafar hagu ta ki daukarsa, cinyar duk ta zube ta koma kamar ta yaro, ga shi daga kauyenmu nan bayan Ringim zuwa asibiti yin gashin kashi sau biyu a sati kudin mota kadai ya isa ya durkusar da mutum. To da likitan gashin ya ce akwai dan karamin inji da za a iya yi masa a gida, irin wanda ake manna faci a fata wutar batir ta rika sa tsoka tana daurewa tana saki, ban tsaya wata-wata ba na kai akuya kasuwa na sayo shi a Kano. Mu dai a gida shokin muke ce masa.

Satin farko wallahi mun sha wuya. Ni a zatona yawan wuta shi ne yawan magani, sai na murda shi sama na bar shi yana ta bugawa ba tsayawa. Da farko za ka ga cinyar ta daure diddigen yana dagowa daga tabarma, amma ba a jima ba sai motsin ya mutu ya koma 'yar rawa kawai a karkashin fata alhali wutar tana nan yadda take. Baba ya ce kai dan nan cire mini abin nan, ji nake kamar na wuni ina huda. Washegari ko bandaki sai mu biyu muka rike shi, hankalina ya tashi sosai na dauka jabu aka sayar mini.

Na koma da injin wajen likita, ya duba ya ce Malam lafiyarsa lau, tsokar ce ka gajiyar. Wai idan mutum ya motsa kafa da kansa kwakwalwa karba-karba take sa zaren tsoka aiki, kamar mata na lugude wannan ta daga tabarya waccan ta sauke, shi kuwa inji wadanda ke karkashin facin nan su kadai yake ta ja kuma lokaci guda, dole su sare da wuri. Ya rage saurin bugun daga 80 a sakan ya mayar 30, ya sa aiki sakan 10 hutu sakan 50, wutar kuma ta rika hawa a hankali ba ta fizge shi ba. Ya ce a sa manyan faci, a rika dan gusar da su, da zarar motsi ya fara rauni a kashe kar a kara wuta, sannan Baba ya rika yunkurin mike kafar da kansa daidai sanda wutar ta zo.

Wannan hutun na sakan 50 da nake ganin bata lokaci ne ashe shi ne aikin. Yanzu minti 15 muke yi bayan la'asar kuma dagawar karshe kusan daya take da ta farko.

Inda injin ya gaza shi ne facin, danko ba ya jure kurar hunturu da gumi, kuma ba a samunsa a nan kusa. Takardar bayanin ma Turanci ne zalla kanana-kanana, akwai wani maballi TENS wanda na rage ciwo ne ba na karfafa tsoka ba, da ba a nuna mini ba da ban gane ba. Caji kam yana rikewa, wajen mai cajin waya nake kai shi.

Don Allah kar a sa wa mai batirin zuciya, wato wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya, kar a manna a gaban wuya ko kirji ko kan rauni ko cikin mai juna biyu, kuma a fara kai wa likitan gashi ya saita. Ni kullum sai na duba fatar bayan an cire saboda Baba ba ya jin wajen sosai.

Alhamdulillahi yanzu da sandarsa yake takawa masallacin kofar gida, da injin da atisayen da aka koya masa muke hadawa. Ran Asabar zan shiga Kano in karo faci, wannan karon kwali biyu zan sayo.