Wata takwas da dashbod ɗin motata, ga abin da ya yi min da abin da har yau yake ci min rai

Jama'a yau dai na ce bari in zauna in faɗi abin da na gani game da dashbod ɗin motar da nake hawa yanzu, wata takwas ke nan tana hannuna kuma kusan kullum sai na tuƙa ta safe da yamma, wani lokacin har da doguwar tafiya cikin dare. Ba maganar ƙarfin inji ko shan mai zan yi ba, wannan zance ne na daban, abin da ke gaban direba nake nufi, mitoci da fitilun gargaɗi da maɓallai da rediyo da kuma allon nan na tsakiya da ake taɓawa da yatsa. Wadda na rabu da ita kafin wannan tsohuwar yayi ce, komai nata murɗawa ne da dannawa, shi ya sa bambancin ya fito min fili sosai.

Bari in fara da mitocin da ke bayan sitiyari, don gaskiya nan ne suka fi burge ni. Lambobin manya ne, farare a kan baƙi, ko rana ta take ko dare ya raba kallo ɗaya ya ishe ka. Satin farko na lura idan mitar gudu ta nuna 100, taswirar wayata 95 ko 96 take nunawa, har na fara tunanin ko mitar ce ta samu matsala, ashe da gangan ake yin su haka. Dokar da ƙasashen Turai ke bi ta ce mita ba za ta taɓa nuna ƙasa da ainihin gudun mota ba, amma an yarda ta ɗara da kashi 10 cikin ɗari da ƙarin kilomita 4, shi ya sa masu ƙerawa suke ɗan ɗaga ta. Da na gane haka sai hankalina ya kwanta. Mitar juyin inji ma na saba da ita, da safe in na tayar sai allurar ta haura wajen juyi 1,200 a minti sannan a hankali ta sauko ta zauna tsakanin 700 da 800 in inji ya ɗau ɗumi, kuma wallahi wannan ɗan abin yana da amfani, ranar da ka ga tana rawa sama da ƙasa alhali kana tsaye ka san akwai abin dubawa tun kafin kunnenka ya ji.

Abu ɗaya da ban ji daɗinsa ba a wajen shi ne babu allurar zafin inji. Sun cire ta gaba ɗaya, sai wata 'yar fitila shuɗiya da ke kamawa in inji na da sanyi ta mutu in ya ɗumama, sai kuma ja in ya yi zafi fiye da kima. To ai kafin jar ta kama zafin ya riga ya yi nisa. A tsohuwar motata ina kallon allurar tana zaune a tsakiya, wato wajen digiri 90, da ta ɗan gota nake ganewa in tsaya in duba fanka ko ruwan lagireto. Nan kuwa sai dai ka jira a ce maka tsaya.

Mitar mai ba laifi. Akwai 'yar kibiya kusa da hoton famfon mai da ke nuna gefen da murfin tanki yake, mutane da yawa ba su san da ita ba. Lissafin sauran kilomitan da mai zai kai ka kuma kar ka jingina da shi sosai, ƙiyasi ne daga yadda ka yi tuƙi a baya, ka shiga cunkoso da esi a kunne sai ka ga lambar tana zubewa fiye da tafiyar da ka yi.

Fitilun gargaɗi su ne na ɗau lokaci na koya da kyau, kuma ina roƙon duk mai mota ya buɗe littafinta ya koye su, ba wani abu ne mai wuya ba. Launi ne mabuɗin. Ja na nufin ka nemi wuri ka tsaya, ruwan ɗorawa na nufin a duba nan kusa, kore da shuɗi kuma sanarwa ce kawai, kamar shuɗiyar nan ta ful layit. Mai kama da butar mai tana ɗiga, ba wai tana ce maka baƙin mai ya ɗan ragu ba ne, ce maka take man baya zagayawa da ƙarfin da ya kamata, wannan in ta kama kana tafiya kashe inji kawai ake yi don 'yan mintuna sun isa su lalata shi. Mai hoton batir ita ma ana yawan yi mata gurguwar fahimta, yawanci ba batir ɗin ne ya mutu ba, caji ne baya shiga, ko altaneta mai yi wa batir caji ko bel ɗinta.

Wata na uku da sayenta fitilar cek injin ta kama min, ruwan ɗorawa, a tsaye ba ƙiftawa. Gabana ya faɗi ba kaɗan ba don motar lafiyarta ƙalau take tafiya. Akwai wani soket mai ramuka 16 a ƙasan sitiyari, shi ake kira OBD2, tun 1996 aka wajabta shi a motocin da ake sayarwa a Amurka kuma yanzu kusan kowace mota na da shi. Na samu 'yar na'urar da ake soka masa ta haɗu da waya, ta ba ni lamba P0455, wato tururin fetur na zurarewa daga wani wuri. Da na duba ashe murfin tanki ne bai ɗauru ba bayan an zuba mai, na murɗa shi har ya yi ƙas ƙas, bayan 'yan kwanaki fitilar ta mutu da kanta. Amma fa in ita wannan fitilar tana ƙiftawa zancen ya canza, yana nufin wani silinda baya ƙona mai yadda ya dace, fulogi ko kwayil, kuma ɗanyen man da ke wucewa zai iya ƙona katalis ɗin salansa, wato abin da ke tace hayaƙi, wannan kam ka rage gudu ka nufi wajen makanike. Abin da na so a ce sun yi shi ne tunda ga ƙaton allo a tsakiya, me zai hana ya rubuta maka dalilin a fili, sai an nemo na'ura daga waje?

Ta iskar taya kuma, mai kama da tukunya da alamar motsin rai a ciki, ta cece ni sau ɗaya. Ƙusa ce ta shiga tayar baya iska na fita a hankali, ido bai nuna komai ba amma fitilar ta kama, aka gwada aka ga ta yi ƙasa sosai. Galibi sai iska ta ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu take kamawa, don haka bata maye gurbin gwada taya da geji ba.

To yanzu ga inda raina yake ɓaci, allon tsakiya. Kyau kam yana da shi, in ka shiga motar shi ne abu na farko da zai ja idonka, kuma kyamarar ribas tana fitowa nan take da layukan da ke lanƙwasa in ka juya sitiyari, wannan na yaba ƙwarai. Amma sun kwashe duk abin da ya shafi esi sun zuba a ciki, ƙarfin fanka, sanyi da ɗumi, inda iska za ta bugo, har da wanda ke hana iskar waje shigowa. A tsohuwar motata murɗi uku ne, hannuna ya haddace su, ko ido a rufe zan rage fanka. Nan kuwa gilashi ne sumul, yatsa baya jin komai, dole sai ka kalla. Wata rana da daddare ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, ga yara a baya, nan da nan gilashin gaba ya yi hazo daga ciki, ina cikin taswira a allon sai da na fita na shiga shafin esi sannan na nemo alamar gilashi, ga motar na girgiza yatsana ya sauka a wani wuri daban, sai da na ratse gefen titi na kunna dabul sigina sannan na daidaita. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Ku yi lissafin da kanku, mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, kallon allo na daƙiƙa biyu kacal ya wuce mita 55 da ka yi ba ka ga titi ba. Ba ni kaɗai nake wannan kukan ba, hukumar Euro NCAP mai gwada lafiyar motoci a Turai ta sanar cewa daga 2026 za ta riƙa duba ko sigina, dabul sigina, waifa, hon da maɓallin kiran gaggawa suna da abin dannawa na zahiri wajen ba mota maki. Ni da za a tambaye ni da na ce a saka na goge hazon gilashi da na fanka a cikin jerin. Ga kuma shatin yatsu, da rana in haske ya bugo ta gefe allon sai ya koma madubi, ƙyalle na musamman na ajiye a aljihun ƙofa saboda shi.

Abin da ya rage min zafin abin shi ne maɓallan kan sitiyari. Hagu na ƙara da rage sauti da canza waƙa da ɗaga kira, dama na canza abin da ke fitowa tsakanin mitoci, kuma sun yi musu tudu da kwari yadda babban yatsa zai bambance su ba sai ka duba ba. Sun kuma bar murɗin sauti guda ɗaya a ƙasan allo, Allah ya saka wa wanda ya dage aka bar shi, danna shi sau ɗaya komai ya yi tsit.

Sauti kuwa da farko bai burge ni ba, sifika shida ne amma kamar daga cikin kwali yake fitowa. Sai da na zauna a mota a tsaye na yi wajen rabin awa ina gwadawa. Kuskuren da na fara yi shi ne ƙure bas, sai ƙofofi suka kama kakkarwa muryar mai magana ta nutse. Daga baya na mayar da bas ɗaya ko biyu sama da tsakiya, na ɗan ɗaga siririn amo, na turo sautin gaba kaɗan don na baya su samu sauƙi, kai sai ga abu ya fito tas, karatu ko labarai ko kiɗa duk ana jin kowane harafi. Akwai wani saiti da ke ƙara sauti da kansa in gudu ya ƙaru ya rage in ka tsaya, a matsakaici na bar shi, a babban titi yana da daɗi sosai don ƙarar taya da iska basa danne abin da kake saurare.

Bluetooth yana kama wayata cikin daƙiƙu kaɗan da tayar da mota, kiran waya ma fes, makirfon ɗin na sama kusa da fitilar rufi, sai dai in fanka na bugawa da ƙarfi wanda ke ɗaya ɓangaren yana cewa yana jin huci. Abin da ya dame ni a farko shi ne da wayar ta haɗu sai abin da na saurara jiya ya tashi da ƙarar da na bar shi, ko da baƙo a mota, daga baya na tono wani saiti can ciki da ke ƙayyade ƙarar farawa, shi ke nan na huta. In kana son sauti mafi tsabta ka yi amfani da igiya, ni dai kunnena yana jin bambanci. Android Auto, manhajar da ke fito da abin da ke waya a allon mota, da ita nake aiki kullum saboda taswira, wayar matata kuma CarPlay, takwararta ta iPhone, duka biyun suna tafiya daidai, yankewar da na riƙa samu a farko igiyar caji ce marar kyau, da na canza mai kauri gajeruwa ban sake gani ba. Filas kuma in ta ƙi karantuwa a duba tsarin da aka yi mata fomat, tawa sai da na mayar da ita FAT32. Rediyon FM na kamawa da kyau, AM ce ke shiga da tsaki duk lokacin da na soka wata 'yar caja a ramin sigari, na cire ta ƙarar ta ɗauke.

Sai wani tarko da nake so kowa ya kiyaye da daddare. Dashbod ɗin nan kullum a haske yake ko ka kunna fitila ko baka kunna ba, ga fitilun rana na gaba suna ci, sai ka ɗauka komai a kunne yake alhali bayan motarka duhu ne ƙirin, wanda ke binka baya ganinka. Tun da na gane na bar sandar fitila a kan oto, kuma ina duba 'yar koriyar alamar nan a mita kafin in hau titi. Hasken mitocin da na allon ma ina rage shi sosai a tafiyar dare, akwai ɗan murɗi a gefen sitiyari, idona ya daina gajiya da wuri kuma titi ya fi fitowa.

Motar ina sonta kuma ba sayar da ita zan yi ba, amma maganar esin nan har yanzu ban samu mafita ba sai dai in saita komai kafin in saka giya, in kuma da mutum a gefena in ce ya taya ni. Duk wanda zai sayi mai irin wannan allon, ranar gwaji ya ce a bar shi ya tuƙa, yana cikin tafiya ya gwada rage fanka da kunna na goge hazo, ya ƙirga sau nawa idonsa ya bar titi kafin ya gama.