GARGAƊI: Masu kira da lambar +44 sun cinye min dala 850

Jama'a, kwana huɗu ke nan ina rubutawa ina gogewa saboda kunya. Dala 850. Sama da naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Ni da na shekara goma sha ɗaya ina sayar da waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, ni da nake hana mutane irin wannan, ni aka yi wa. Lokacin MMM, tsarin damfarar nan na zuba kuɗi a ci riba, a 2016 ko sisi ban zuba ba. Da CBEX, wata manhajar zuba jari ta bogi, ta rufta da mutane a Afrilun 2025 har dariya na yi wa maƙwabcin shagona, Allah ya yafe min. Don haka kada wani ya zo yana ce min kwaɗayi ne.

Tun bayan babbar sallah suka fara kira. Yau lambar Ingila, +44, gobe ta Dubai, +971. In toshe wannan su dawo da wata. A yini sai a kira sau shida, ina cikin sahu a masallaci waya na ta ɓari a aljihu. Na tura STOP zuwa 2442 yadda hukumar sadarwa ta NCC ta ce, ashe tallan da ke biyowa ta kamfanonin layinmu kawai yake tarewa, ba ruwansa da mai kira ta intanet daga waje. Lambar ma ba ta gaskiya ba ce, wadda suka ga dama suke sawa ta fito.

Wallahi don in ce su rabu da ni na ɗaga. Mace ce, Turancinta a hankali, ta kira cikakken sunana. Na ce magariba ta yi zan yi salla. Ta ce ba komai Alhaji, ka sa ni a addu'a. Ban taɓa zuwa Makka ba, amma na ji daɗin Alhajin nan. Ina idarwa ta sake kira. Wannan wurin nake ta juyawa a raina: me ya sa na ɗaga na biyun? Ka sa ni a addu'a. Shi ke nan fa.

A'a, kafin nan ma akwai namijin da ya fara magana, shi ya ce an ga sunana cikin masu sha'awar kasuwar canjin kuɗi. Sai daga baya na tuna wani talla da na taɓa cike wa lambata. Ko ma dai wane ne ya fara, ita ce ta ce in gwada da dala 250, mafi ƙanƙanta ke nan. Na sayi USDT, kuɗin intanet mai darajar dala, na tura. Kuma na gwada su, ba haka kawai na afka ba. Na ce a ciro min dala 40, washegari ta shigo. Da idona na gani. Ku faɗa min, wa zai ga kuɗi sun dawo bai yarda ba? Ashe cikin 250 ɗina aka gutsuro min.

Sai na ƙara 600, kuɗin kayan da zan saro daga Legas. 250 da 600, 850. Shafinsu na nuna min wai na kai dala 2,300. Da na ce zan cire, sai aka haɗa ni da wani wai manaja, ya ce sai na biya harajin dala 400, kuma in sauke wata manhaja da za su riƙa ganin fuskar wayata su taimaka min. Nan jikina ya yi sanyi, don na san aikin wannan manhajar, sana'ata ce. Na ce a cire harajin daga ribar. Ya kashe. Ita kuma tun ranar ko gaisuwa.

Uwargida har yanzu ba ta sani ba, ta ɗauka kayan ne suka makale a hanya.

Baƙuwar lambar waje, kada ku ɗaga. Kun ɗaga, kada ku tsaya hira. Kada ku sauke komai, kada ku ba da BVN ko lambar da banki ya turo.

Hotunan hirarmu da rasit ɗin turawa duk suna nan, zan ɗora da daddare in na rufe sunana. Jiya ma wani ya kira da +44, wai lauya ne, zai ƙwato min dala 850 ɗina in na biya 150. Har adadin ya sani.