Sharhi kan cibiyar da ta gwada ɗalibanmu na gashin ƙashi

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, sashenmu ya yanke shawarar kai ɗaliban shekarar ƙarshe wata cibiya mai zaman kanta da ke shirya jarabawar aikin hannu ga ɗaliban kiwon lafiya, maimakon mu ci gaba da gwada su a ɗakin da suka saba, a gaban malaman da suka riga suka san halin kowa. Ni aka wakilta na raka su, kuma an ba ni damar leƙa kowane ɗaki yayin da ake jarabawar, saboda haka abin da zan faɗa gani na yi da idona.

Cibiyar tana bin tsarin da aka fi sani da OSCE, wanda Ronald Harden da abokan aikinsa na Jami'ar Dundee suka bayyana a 1975. Ɗalibi yana zagaya ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, kowane ɗaki da aikinsa da ƙayyadadden lokacinsa, mai sa maki kuma yana riƙe da jerin matakan da ake son a gani. Mu minti takwas aka ba kowane ɗaki, ana kaɗa ƙararrawa idan lokaci ya cika. Ta fannin tsafta da kiyaye lokaci ba ni da abin cewa sai yabo.

Abin da ya fi burge ni shi ne mutanen da aka horar su yi kwaikwayon majinyata. A ɗakin gashi da jakar zafi an zaunar da wata dattijuwa mai kukan ciwon gwiwa, wadda aka umarta kada ta ambaci cewa tana da ciwon suga kuma ƙafarta ba ta ji sosai, sai fa idan an tambaye ta. Jakar nan daga ruwa mai zafin digiri 70 zuwa 75 a ma'aunin Celsius ake ciro ta, shi ya sa ake naɗe ta da tawul ninki shida zuwa takwas, kuma kafin a ɗora ta dole ne a gwada fatar da kwalabe biyu, ɗaya mai ɗumi ɗaya mai sanyi, a tabbatar majinyaci yana bambance su. Na ga wani ɗalibi da muke ɗauka gwani ne ya naɗe jakar tsaf, ya gyara wa matar matashi, ya ɗora, ko kallon kwalaben da ke kan tebur bai yi ba. Matar ba ta ɗaga masa gira ba, ba ta yi gyaran murya ba, ta bar shi da kuskurensa. Mu malamai ba ma iya wannan idan muka yi wa ɗalibanmu kwaikwayo, domin tausayi yakan sa mu yi musu hannunka mai sanda.

Ɗakin na'urar altirasawun, wadda ke aika sautin da kunne ba ya ji cikin jiki don jinyar ciwo, ya yi daidai gwargwado. Ana duba ko ɗalibi ya san cewa megahas 1 (ma'aunin saurin kaɗawar sautin) ake zaɓa idan ciwon yana da zurfi, megahas 3 kuma idan yana kusa da fata, ko ya zuba man shafawa isasshe, ko kuma kan na'urar yana yawo a hankali ba tare da tsayawa wuri ɗaya ba. Sai dai na'urar ba irin wadda ɗalibanmu suka saba da ita ba ce, kuma ba a nuna musu ita kafin a fara ba, don haka wasu sun ɓata minti biyu suna neman maɓalli.

Inda na sami babbar matsala shi ne ɗakin TENS, wato na'urar da ke aika ƙaramin lantarki ta fata don rage zafin ciwo. Majinyacin wani magidanci ne mai ciwon kafaɗa, wanda aka dasa masa na'urar daidaita bugun zuciya. Duk wanda ya karanta darasin ya san ba a gaggawar jona wa irin wannan mutum lantarki, balle kusa da ƙirji. Wata ɗaliba ta tambaye shi tarihinsa, da ya ambaci na'urar sai ta ajiye wayoyin, ta ce masa, "Baba, wannan ba za ta yi maka ba, amma akwai wata hanyar da za mu bi," sannan ta yi masa bayani cikin natsuwa. Wannan ita ce amsa mafi kyau da na gani a yinin. Amma jerin matakan da ke kan kwamfutar mai sa maki ya ware maki ɗaya ga tambayar, ya ware sauran ga goge fata, manna faifan lantarki da ƙara ƙarfi a hankali. Sakamakon haka wanda ya yi tambayar, ya ji amsar, ya ci gaba da jona wayoyi ya fi ta maki. Mai sa makin da kansa ya ga rashin dacewar, amma manhajar ba ta da gurbin da zai rubuta hukuncinsa game da aikin ɗalibi gaba ɗaya.

George Miller, masani kan koyar da aikin likita, ya bambanta a 1990 tsakanin sani, sanin yadda ake yi, nunawa, da aikatawa a gaban majinyaci na gaske. Cibiyar nan ta ƙware wajen auna nunawa, amma wajen auna hankalin da ke hana mutum kunna na'ura tana da sauran aiki. Ƙarancin lokaci ma ya taimaka, domin gashin da ke ɗaukar minti 15 zuwa 20 ba ya shiga cikin minti takwas, sai dai mai sa maki ya ce, "Ɗauka minti biyar sun wuce," ya ga ko ɗalibi zai ɗaga tawul ya duba fata.

Rahoton da suka aiko mana bayan mako biyu lambobi ne zalla, babu ko jimla ɗaya da za a zaunar da ɗalibi a karanta masa. Na ba sashenmu shawarar mu koma baɗi, bisa sharaɗin cewa mu za mu rubuta jerin matakan tare da su, a sanya dokar cewa duk wanda ya tsallake matakin kare lafiyar majinyaci ya faɗi wannan ɗakin ko da ya cika sauran, kuma a ba ɗalibai rabin sa'a su taɓa na'urorin kafin ƙararrawar farko.