Motar asibitin soja Austin K2/Y ta Airfix: darajarta tana cikinta

Masu haɗa ƙananan motocin roba sun fi rububin tankokin yaƙi da igwa da jiragen sama. Motar asibiti ba ta cika samun mai waiwayarta ba, don ba ta da bindiga, ba ta da sulke, akwati ce kawai a kan tayoyi huɗu. Ni kuwa na haɗa Austin K2/Y ta kamfanin Airfix, wadda suka fitar a 2022 a ma'aunin 1/35, kuma a cikin abubuwan da na taɓa haɗawa kaɗan ne suka riƙe hankalina kamarta. Ra'ayina a kanta ɗaya ne: duk wanda ya saye ta ya manne ƙofofin baya ya rufe, to ya yi watsi da mafi kyawun abin da ke cikin kwalin.

Ga wanda bai taɓa riƙe irin wannan kwali ba, ba mota ce haɗaɗɗiya a ciki ba. Sassa ne na roba ƙanana, maƙale a jikin firam-firam, kowane da lambarsa, sai sassan gilashi na roba mai haske, da takardar sitika wadda ake jiƙawa a ruwa, da ɗan littafin zane mai nuna abin da ke bin wani. Gam da fenti da burushi kai za ka nemo. Ma'aunin 1/35 yana nufin kowane santimita 35 na ainihin motar ya koma santimita ɗaya. Tsawon motar ta gaske kusan mita biyar da rabi ne, don haka abin da za ka samu a ƙarshe bai fi santimita 16 ba. Yana zama a tafin hannu, amma girmansa ya isa a ga sitiyari da giya da hannun gado.

Sai da na karanta tarihin motar kafin na yanke sashe ko ɗaya, kuma ina ba kowa shawarar haka, domin tarihin ne ke gaya maka yadda za ka yi mata fenti. Kamfanin Austin ya ƙera 13,102 a masana'antarsa ta Longbridge da ke Birmingham a Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin Mann Egerton kuma shi ne mai ginin akwatin baya. Injinta mai silinda shida ne, cc 3,462, ƙarfin doki 60, giya huɗu, tayoyin baya kaɗai ke ja. Gudunta bai cika wuce kilomita 80 a awa ba. Sojoji suna kiranta Katy. Ta yi aiki a hamadar Arewacin Afirka da Italiya da Faransa, Birtaniya ta ba sojojin Amurka wasu, har yaƙin Koriya ma ta gani. A 1945 Gimbiya Elizabeth, wadda ta zama Sarauniya Elizabeth ta Biyu, ta shiga rundunar mata ta ATS ta koyi tuƙi da kanikanci, akwai kuma hotunanta sanye da kayan soja a gefen irin wannan motar.

Aiki yana farawa ne daga shasi, da sifirin da aksul da tankin mai da salansa. Nan ba zan daɗe ba, don sassan sun shiga wuraren zamansu ba gardama. Abu ɗaya ne ke son natsuwa: shasin ya fito a miƙe. Ina ɗora shi a kan gilashi shimfiɗaɗɗe yayin da gam ke kamawa, in sa tayoyin ba tare da na manne su ba, in duba ko dukansu huɗu sun taɓa ƙasa. Idan shasi ya karkace ko da kaurin farce ne, akwatin da za a ɗora masa zai nuna, tunda duk gefensa a miƙe yake, ba inda karkata za ta ɓuya. Gam mai ruwa-ruwa ya fi dacewa, irin wanda za ka haɗa sassa biyu ka ɗiga a bakin mahaɗa ya bi da kansa. Siririn layin da injin zuba roba ke bari a jikin salansa da sifirin, wanda ba samfurin robar da ba shi da shi, bayan reza ya isa ya kankare shi, sai a bi da samfefa mai laushi.

Ɗakin direba ya burge ni saboda rashin ƙawarsa. Sitiyari a dama, kujeru, sandar giya, shi ke nan. Ainihin motar ba ta da ƙofofin ƙarfe a gaba, tamfol ne ake ja a rufe. In ka tuna cewa da wannan ake tuƙi cikin sanyin Turai da daddare, fitilu a rufe sai ɗan tsagi don kada jirgin abokan gaba ya hango, za ka ga ɗan ɗakin da wani ido. Akwai kuma tudun nan da ya kumburo a gefen jiki daf da bayan ɗakin direba, inda safaya take zaune. Shi ne alamar da ake gane K2/Y da ita daga nesa, kuma Airfix sun fito da siffarsa da kyau.

Yanzu ga inda na fi daɗewa. Ɗakin majinyata na ainihin motar tsawonsa kusan mita 2.6 ne, faɗi mita 2, tsayi mita 1.7. Namiji mai matsakaicin tsawo ma sai ya ɗan sunkuya. A cikin wannan ɗan wuri ake kwantar da mutum huɗu a gadajen ɗaukar masu rauni, biyu a kowane gefe, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ko a zaunar da mutum goma. Tsakaninsu ɗan lungu ne da mai jinya zai bi, da wata ƙaramar ƙofa da ta haɗa ɗakin da wurin direba. Ban fahimci ƙuncin wurin ba a karatu. Sai da na riƙe gadon sama da hantsaki ina neman saka shi, na ga ɗan tazarar da ke tsakaninsa da rufi, sannan na gane cewa wanda aka kwantar a nan fuskarsa daf take da rufin, motar kuma tana tsalle a kan hanyar da bama-bamai suka farfasa. Wannan shi ne abin da haɗawa da hannu ke ba mutum wanda hoto ba ya bayarwa.

Saboda haka cikin nan ya cancanci a ba shi lokaci, kuma dole a gama fentinsa kafin a haɗa bangon da rufin, don bayan nan burushi ba zai kai ba. Na yi wa bangon fenti fari mai ɗan ratsin rawaya, domin fari fat a wannan ƙaramin ma'auni yana ɗaukar ido, yana sa abu ya yi kama da kayan wasan yara. Na yi wa daɓen launin katako mai duhu, na ɗan koɗar da tsakiyarsa inda takalma suka fi bi. Gadajen kuwa su ne suka fi cin aiki: sandunan launin itace, ƙafafun launin ƙarfe, tamfol ɗin launin ƙasa-ƙasa, sannan na tsinka fenti mai duhu sosai na bar shi ya gangara cikin lunguna don inuwa ta fito. Barguna na yi su da kaina, da takarda mai laushi da na jiƙa da farin gam na katako wanda aka tsinka da ruwa. In ta bushe tana riƙe lanƙwasarta, sai a shafa mata toka-toka. Na naɗe biyu a ƙarshen gado, na bar ɗaya a yamutse kamar yanzu aka sauke mai shi.

Wasu masu haɗawa suna ɗiga jan fenti a kan gadaje da daɓe don a ce jini ne. Ban yi ba, kuma ba na so. Tsabta tana cikin aikin masu jinya. Bargon da ke yamutse ya isa ya faɗi abin da ya faru.

Kafin fenti a duba bangon ta ciki da kyau. Roba da aka zuba a inji takan fito da ƙananan da'irori inda sandunan turo ta suka taɓa, kuma masu ƙira sukan ɓoye su a fuskar ciki. A tankar yaƙi ba ruwanka da su tunda rufewa za ka yi. A nan kuwa ciki shi ne abin kallo, don haka duk wadda ido zai iya kaiwa gare ta ta ƙofar baya sai a cike ta a goge.

Fentin waje yana da wani tarko da tarihin motar ne kaɗai zai fitar da kai daga cikinsa. Al'adar masu haɗa motocin yaƙi ce su zana tsatsa da ƙujewar fenti ko'ina, don motar ta nuna ta sha wuya. To akwatin bayan K2/Y yawancinsa tamfol ne da aka shafa wa fenti a kan firam. Tamfol ba ya tsatsa. Tsatsa da ƙujewa wurinsu bonet ne da murfin tayoyi da salansa da matakalar baya. Akwatin kuwa koɗewar rana yake yi, ƙura ta kwanta masa, ruwan sama ya bar masa zirin datti daga sama zuwa ƙasa. In aka bambanta biyun, motar takan fito da gaskiyarta. Launi kuma ya danganta da shekara da wuri: kore mai ratsin kaki a farkon yaƙi, ruwan ƙasa daga wajen 1942, koren zaitun daga 1944, launin yashi ga motocin hamada. Na zaɓi koren 1944, don a kansa ne alamar jan kuros ta fi fitowa.

Alamar ita ce mataki mafi tsoratarwa, kuma mafi muhimmanci. Jan kuros a kan fari ya samo asali ne daga yarjejeniyar Geneva ta 1864. Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta fara amfani da jan jinjirin wata a yaƙinta da Rasha a shekarun 1870, aka amince da shi a hukumance a 1929, kuma matsayin biyun ɗaya ne a dokar yaƙi: wanda ke ɗauke da su ba a harbinsa. Kowace motar soja ana yi mata fenti ne don ta ɓuya, wannan kuwa an zana mata babbar alama a gefe da baya da kan rufi don matuƙin jirgi ma ya gan ta daga sama. Kariyarta ke nan gaba ɗaya. Shi ya sa ban yarda in saka alamar a karkace ba.

Ga yadda na bi. Sitika ba ta son fenti mai kaushi, don iska takan maƙale a ƙarƙashinta ta bar farin ƙyalli a gefuna. Sai a fara shafa wa wurin fenti marar launi mai sheƙi, a bari ya bushe. A jiƙa sitikar a ruwa mai ɗumi na ɗan lokaci, a zame ta daga takardarta kai tsaye zuwa jikin motar, a daidaita ta da jiƙaƙƙen burushi, a tsane ruwan daga tsakiya zuwa baki. Inda ta hau kan tudu ko layi, akwai ruwan tausasa sitika da ake shafawa. Za ta yamutse har gabanka ya faɗi, amma kada ka taɓa ta, da kanta za ta miƙe ta kwanta. Sannu ba ta hana zuwa. Wani abu kuma: farar sitika, ko ta wane kamfani ce, takan ɗan dusashe in aka ɗora ta a kan kore mai duhu. Na riga na shafa farin fenti a ƙarƙashin wurin, ɗan ƙasa da faɗin sitikar, sai farin ya fito sosai. A ƙarshe a rufe komai da fenti marar launi marar sheƙi, ban da gilasai, waɗanda nake sakawa daga baya da farin gam don gam ɗin roba yana dusar da su.

Wa ya dace ya saye ta? Ba zan ba wanda bai taɓa haɗa komai ba ita a matsayin ta farko, saboda manyan sitikun nan da kuma fentin ciki da ke buƙatar tsara abin da zai riga wani. Amma wanda ya gama ɗaya ko biyu zai iya da ita, kuma zai koyi abubuwa da yawa. Wanda yake son sassa masu yawa da aiki mai zurfi, kamfanin Gecko Models ma yana da wannan motar a 1/35. Wanda wurin ajiyarsa kaɗan ne, Tamiya suna da ita a 1/48. Ta Airfix tana tsakiya, kuma a ganina nan ne daidai ga yawancin mutane: bayanin sassanta ya wadatar, haɗawar kuma ba ta gajiyar da mutum har ya ajiye aikin a rabi.

Ƙofofin baya da matakala su ne na ƙarshe da za a manna, bayan an gama fenti da sitika, don mahaɗarsu siririya ce, taɓawa kaɗan za ta ɓalle su. A tallafe su da wani abu har gam ya kama sosai. Tunda kuma a buɗe za su zauna, a nemi akwatin gilashi ko na roba mai haske a rufe motar, domin ƙura in ta shiga tsakanin gadajen nan ba burushin da zai iya fito da ita.