Gasar zane a intanet ko kamfanin talla?

A dandalin 99designs, wanda aka kafa a Melbourne a 2008, mai neman tambari yakan ajiye kuɗi, masu zane su yi ta turo samfuri, ya zaɓi wanda ya kwanta masa. Ga araha, ga sauri. Sai dai wanda aka zaɓa kaɗai ake biya. Sauran sun kwana gaban kwamfuta a banza, kuma wannan yana ci mini rai.

Kamfanin talla akwai tsada, amma zai zauna da kai, ya binciki masu sayen kayanka, ya bi tambarin har kan kwali da allon bakin titi. Ƙananan ayyukan da ke riƙe irin waɗannan kamfanoni su ne gasar ta fara kwashewa.