Na kai bindigar iska gyara a Gombe, an rage mata ƙarfi, kuma ban yi da-na-sani ba

Duk wanda ya sayi bindigar iska mai tulu, irin wadda ake ɗura wa iska da famfo, tambayar da abokai ke fara yi masa ita ce, "Tana huda kwano?" Ba mai tambaya ko tana iya sa harsashi biyu a rami ɗaya. Wannan sharhi ne a kan aikin da wani dattijo ya yi wa tawa a cikin garin Gombe. Bindigar ta dawo ba ta kai ƙarfin da ta tafi da shi ba, kuɗin ya taɓa aljihuna, an kuma ja mini rai. Duk da haka, ko gobe aka ce in sake kai masa, zan kai.

Tawa ƙirar Turkiyya ce, bakinta milimita 5.5, tulunta na ɗaukar iska har bar 200 a geji (bar shi ne ma'aunin matsin iska). Na saye ta saboda gafiya da ɓeraye da tattabarun da suka addabi sitona na shinkafa a Dadin Kowa, don ba na son zuba guba kusa da abin da mutane za su ci. Jan-baki kam kada wani ya yaudare ka, tsuntsun da ke sauka dubbai a gona ba bindigar iska ce maganinsa ba.

Ciwonta shi ne rashin tsayawa a magana ɗaya. Idan na cika tulun, harbin farko-farko sai ya riƙa sauka ƙasa da inda na saita. Can a tsakiya ta daidaita, har mutum ya fara jin kansa maharbi, daga nan kuma ta sake zubewa. Na zargi madubin saiti, na zargi harsashi, ashe duk ba su ba ne.

Dattijon da na kai wa, Baffa, haka kowa ke kiransa a layin, asalinsa mai gyaran famfon injin dizal ne da nozul, saboda haka iska ko mai da aka matse ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Bai taɓa ko noti ɗaya ba sai da ya kafa 'yar na'urar auna gudun harsashi a gaban bindigar, ya sa yaronsa ya zauna da biro da bayan kwalin sabulu yana rubuta lambar kowane harbi, daga cikar tulu har ya yi ƙasa. Lambobin sun fara daga wajen ƙafa 830 a sakan, suka hau har suka haura 900, sannan suka gangaro.

"Alhaji, ka ga cutar nan a rubuce," in ji shi. "Bindigarka ba ƙarya take yi ba, iskar ce ke canza mata baki."

Bayaninsa ya shige ni. In ka ja kunama, sifirin ne ke tura guduma ta bugi bawul, bawul ya buɗe na ɗan ƙiftawa, iska ta bi bayan harsashi. Lokacin da tulu ke cike, iskar da ke ciki tana danne bawul ɗin da ƙarfi, gudumar ba ta iya buɗe shi sosai, sai harbi ya fita a sanyaye. Da matsin ya ragu sai bawul ya riƙa buɗewa da kyau, gudu ya ƙaru. In ya ragu da yawa kuma, bawul na buɗewa amma babu isasshiyar iskar turawa. Bambancin ƙafa 70 a sakan ba ya nuna kansa a taku goma, amma a yadi 50 yana iya kai inci guda sama ko ƙasa, kan ɓera kuwa bai fi haka da yawa ba.

Ya ba ni zaɓi biyu. Na farko kusan kyauta ne: in daina cika ta har 200, in tsaya a inda lambobin suka fara daidaita, in yi harbina a wannan tsakiyar, in sake ɗurawa. Na biyu a sa mata regileta, aikinta ɗaya da ta kan tukunyar gas ɗin girki: ko tulu na cike ko ya yi rabi, abin da take bari ya wuce zuwa bawul bai canzawa. Na ji daɗin da bai ɓoye mini na farkon ba, alhali a na biyun ne zai ci abinci. Na zaɓi na biyu.

Inda na ga gwaninta shi ne bayan an sa regiletar. Ya saita ta a bar 120, sannan ya ɗauki alanki yana ƙara wa sifirin ɗin guduma tauri kaɗan-kaɗan, rubu'in juyi, a harba, a rubuta. Gudu na hawa, na hawa, har aka zo inda ko ya ƙara juyi lambar ba ta motsi, sai dai ƙarar bindigar ta ƙaru. Ya ce daga nan duk abin da aka ƙara ɓarnar iska ne, harsashi ya riga ya fice bawul na buɗe. Sai ya sassauta ya dawo baya, ya tsaya kashi uku zuwa biyar cikin ɗari ƙasa da ƙololuwar. Dalilinsa, a wannan gaɓar ko matsin regileta ya ɗan motsa sama ko ƙasa, gudun harsashi ba ya bin sa sosai. Da aka sake gwaji, tazarar da ke tsakanin harbi mafi sauri da mafi sanyi ba ta kai ƙafa 15 ba, ana yawo a wajen 870.

Na ce, "Baffa, ai da tana haura 900." Ya ce ko dubu nake so zai iya nema mini da harsashi marar nauyi, amma in shirya ganin ramuka sun watse a takarda. Harsashin dalma mai ƙugu da siket, wato mai tsukakkiyar tsakiya da buɗaɗɗen gindi, ba a yi shi don tsere da sauti ba. Sauti na tafiyar kusan ƙafa 1,125 a sakan, kuma tun kafin a kai can irin wannan harsashi yake fara rawa a iska. Yawancin masu harbin saiti tsakanin 850 da 900 suke ajiye shi. Ya kuma ja kunnena game da bidiyoyin Turawan Ingila a YouTube: dokarsu ta tsayar da bindigar iska marar lasisi a ƙarfin da bai wuce jul 16 ba (jul shi ne ma'aunin ƙarfin harbi), tawa kuwa ta ninka haka, don haka lambobinsu ba nawa ba ne.

Harsashi ma sai da muka zauna a kansa. Cikin gwangwanayen da na kawo, JSB Exact Jumbo na ƙasar Cek, mai nauyin giram 1.03, shi bututun ya karɓa. Wani mai araha da na saya a kasuwa, da ya juye shi a tafin hannu ya nuna mini, kusan kowane na biyar siket ɗinsa a lanƙwashe yake. Ba gyaran da zai sa lanƙwasasshen harsashi ya tafi daidai.

To, sai abin da ban ji daɗinsa ba. Regiletar daga waje aka yi odarta, ranar da aka ce za ta iso da ranar da ta iso ba su ko gaisa ba, kuma in ban kira ba ba a kirana. Farashin ya tashi tsakanin alkawari da biya, aka ce dala. Na uku, wanda ya fi ci mini rai, bai gaya mini cewa regileta na da halin tsiyayar iska a hankali ba. In bindiga ta kwana ba a harba ba, matsin da ke gaban bawul kan ɗan hau, harbin farko ya fita daban da sauran. Sai da na koma da ƙorafi ya ce in riƙa zubar da harbi ɗaya a ƙasa kafin in saita abin da nake so. Maganar minti ɗaya ce, da ya yi ta tun ranar karɓa. Haka nan regiletar ta ci wani ɓangare na cikin tulu, kuma da zarar geji ya sauko 120 aikinta ya ƙare, sai famfo.

Zafinmu ma yana da nasa hukuncin. Tulun da aka cika 200 da sanyin safiya, aka bar shi cikin mota a rufe a rana irin ta watan Afrilu, yana iya haura 220, robobin sil su sha wahala. Famfon hannu kuma yana zafafa iska, ka ga 200, bayan ta huce ka tarar ta sauka. Da damina famfon na tura danshi cikin tulu, sai da matatar ruwa a bakin tiyo. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba, a rufe ramin ɗuri. Abu biyu Baffa ya maimaita har sai da na gaji da ji: kada a kuskura a ɗura mata iskar oksijin ta masu walda, kada kuma man inji ya kusanci wurin da iska ke matse, girisin silikon kawai, don ɗayansu na iya tarwatsa tulu a hannun mutum. Shi kansa ba ya kwance komai sai geji ya koma sifiri.

Kafin ya karɓi bindigar sai da ya nemi ganin takardar lasisi, kuma daidai ya yi. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa bindigar iska cikin waɗanda sai da lasisin 'yan sanda ake riƙewa.

Wanda harbinsa bai wuce cikin sito ba, taku goma sha biyar zuwa ashirin, ya riƙe kuɗinsa. Ya biya a auna masa gudu, a nuna masa daga lamba nawa zuwa nawa bindigarsa ke daidai, ya rubuta a jikin ƙota, ya wadatar. Regileta ta mai harbin nesa ce, ko wanda ke gajiya da lissafin geji a tsakiyar aiki. In za ka kai masa, ka tafi da gwangwanin harsashin da za ka ci gaba da amfani da shi, don a kansa zai yi saitin, kuma ku yanke farashi a rubuce kafin a yi oda.