Metal ɗin da ya tsayar mini da injin casa a tsakiyar kaka

Ina da injin casar shinkafa a Argungu, mai aiki da man gas, kuma bana kafin shinkafar damina ta shigo na kai kiranshaf ɗinsa, babbar sandar da ke juyawa a cikin injin, aka gurza shi zuwa 010, wato aka rage kaurinsa da milimita 0.25. Daga nan na sayi sabon saitin metal a wani shagon kayan gyara a Birnin Kebbi, kwalinsa ɗauke da 010 ɓaro-ɓaro.

Wanda bai taɓa buɗe inji ba yana iya zaton metal kamar boris yake, alhali babu ƙwallo ko ɗaya a cikinsa. Ɓawo ne na ƙarfe guda biyu da ke rungume sandar, an shafe cikinsu da ƙarfe mai laushi. Idan sandar ta fara juyawa, sai ta ja man juye zuwa ƙarƙashinta, ta hau bisa wani siririn shimfiɗin mai wanda bai kai kaurin gashin kai ba, ta yadda ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe. Saboda haka ratar da ke tsakaninsu ita ce rayuwar injin: idan ta yi faɗi, mai ya zurare ta gefe, sandar ta riƙa dukan ɓawon.

Abin da ya same ni ke nan. A rana ta uku injin ya fara ƙwanƙwasa, ga buhunan mutane jibge a ƙofa, mata sun zo tun daga ƙauye suna jira. Da muka kwance, sai muka tarar sitanda ne, wato na sandar da ba a taɓa gurzawa ba, aka zuba a kwalin 010, cikinsa ya riga ya cinye har jan ƙarfen ƙasa ya bayyana. Bakanikena ma yana da nasa laifin, domin da ya auna kafin ya ɗaura da ya gane.

Mai shagon ya karɓa ya canza mini da wanda ya dace da sandar ba tare da gardama ba, kuma na biyun ya zauna daram; wata biyu ke nan injin yana aiki lafiya, har na fara tunanin yaba masa. Amma duk sanda na tuna cewa sai da aka sake gurza kiranshaf zuwa 020, wato ragin milimita 0.5 daga kaurinsa na asali, na yi kwana shida a rufe, abokan ciniki na shekaru suka koma wani injin, raina yakan sake ɓaci. Kuɗin gurzar ma ni na biya, bai ko tambaya ba.